Kalmar "copycat": zagi ce ko ba zagi ba, kuma me Bahaushe zai ce a madadinta?

Ɗan Rediyo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman agajin malamai. Labari ya shigo mana daga wani kamfanin dillancin labarai cewa bayan wani hari da aka kai a Turai, 'yan sanda na fargabar "copycat attacks". Wanda ke kan teburin fassara ya rubuta "hare-haren kwaikwayo", ni kuma kunnena ya ƙi karɓa. Mai sauraro a kasuwa idan ya ji "harin kwaikwayo" ai zai ɗauka atisaye ne ko wasan kwaikwayo, ba wanda ya ko ji ciwo. Mene ne ainihin ma'anar copycat ɗin nan? Kuma me ya kawo mage cikin maganar?

Sarkin Tsokana: Wa'alaikumus salam. Tunda bakinmu ba ya raba p da f, ai kofikat ce, wato magen da ta kamu da shan kofi. An gama fassara, kowa ya kama gabansa.

Tsohon Ticha: Wa'alaikumus salam, ɗana Ɗan Rediyo. Kunnenka ya yi gaskiya, riƙe shi da kyau.

Kalmomi biyu aka haɗa, copy wato kwafa, da cat wato mage, kuma asalinta maganar yara ce. Yaro ya zana gida da bishiya, na kusa da shi ya leƙa ya zana irin nasa sak, sai na farkon ya murguɗa baki ya ce masa copycat. Yarinya ta ɗaure gashinta da jan ƙyalle, washegari ƙawarta ta zo da jan ƙyalle, ita ma sunan ke nan. Ana nufin mutumin da ba shi da dabarar kansa, sai abin da ya ga wani ya yi. Akwai raini a cikinta, amma ba mai nauyi ba, ba irin zagin da ake kai ƙara gaban mai unguwa ba. A rubuce an fara ganin ta a Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19, a littattafan wasu marubuta mata biyu da suka ba da labarin mutanen jihar Maine, ɗaya a 1887, ɗaya a 1896. A da ana sa ɗan layi tsakanin kalmomin biyu, yanzu a haɗe ake rubuta ta.

Zancen mage kuwa, kada ka wahalar da kanka neman wata hikima. Kowa ya san mage ba ta bin kowa, abin da ta ga dama take yi. Turawa dai tun zamanin da suna kiran mutum cat idan suna son ƙasƙanta shi, shi ya sa suke ce wa matsoraci scaredy-cat, attajirin da ya ƙoshi har ya manta da talaka kuma fat cat. Sannan ga sautin k sau biyu a jere, yana da daɗin rerawa a bakin yara masu tsokana. Iyakar abin ke nan.

Ɗan Rediyo: Allah ya ƙara lafiya, Baba. To yaya aka yi maganar yara ta shiga bakin 'yan sanda da 'yan jarida?

Tsohon Ticha: Idan ta tsaya ita kaɗai, ka nuna mutum ka ce shi copycat ne, tana nan da ƙuruciyarta. Amma idan aka jingina ta a gaban wani suna, kamar crime ko attack ko killing, sai ta cire rigar wasa. A nan ma'anarta laifi ne na gaske da wani ya aikata don ya ji labarin wanda aka yi a baya, ya bi sawunsa. Ba raini a ciki kuma, bayani ne kawai.

Mai Harhaɗa Magani: Baba, bari in ƙara da misalin da ake koya mana a fanninmu. A 1982 a birnin Chicago wani ya sa guba a cikin ƙwayoyin maganin ciwon kai na Tylenol, ya mayar da kwalaben kan kanta, mutane suka saya suka sha. Mutum 7 suka mutu, kuma har yau ba wanda aka yanke wa hukunci a kan kisan. Kamfanin Johnson & Johnson ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abin da ya biyo baya. Da labarin ya cika jaridu da talabijin, sai rahotanni suka riƙa shigowa da ɗaruruwansu daga wasu garuruwa na mutanen da ke lalata magani da kayan abinci a shaguna. Ba su san mai laifin farko ba, ba ƙungiya ɗaya suke ba, sun dai ji an yi. Waɗannan su ake ce wa copycat. Wannan farar takardar da kuke ɓarewa a bakin kwalbar magani, da robar da ke naɗe da murfi, daga wannan musibar suka zama doka a Amurka, sauran duniya ta bi.

Injiniya: Haka ma zancen mutumin nan da ake kira D. B. Cooper. A Nuwamban 1971 ya yi fashin jirgin sama tsakanin Portland da Seattle, aka ba shi dala 200,000, ya yi tsalle da lema daga jirgin, ba a sake ganin sa ba. A 1972 mutane fiye da goma suka gwada irin dabararsa, kuɗin fansa da lema da komai. Bambancin kawai su ba su sha ba.

Ɗan Rediyo: Yanzu na gane. Saura fassarar. "Harin bin sawu" fa?

Uwar Biyu: Ko a ce na 'yan bi yarima a sha kiɗa.

Tsohon Ticha: Hajiya, ɗan bi yarima yana cikin tawaga ne, ya bi ayari don abin da zai samu ko don kada a bar shi a baya, bai ma san inda aka dosa ba. Shi wannan ba ya cikin ayarin kowa, daga nesa ya hango, ya je ya yi nasa shi kaɗai. "Bin sawu" ya fi kusa, sai dai a labarin laifi mai sauraro zai iya ɗauka jami'an tsaro ne ke bin sawun maharan. Shawarata, ɗana, ka daina neman kalma ɗaya da za ta zauna a gurbin kalma ɗaya. Wannan cutar ce ke lalata fassarar labarai. Warware ta ka yi jimla: 'yan sanda na fargabar kada wasu su ga an yi su ma su yi. Ko kuma: ana fargabar wasu su kwaikwayi maharan. Ka ga da ka mayar da kwaikwayo aiki, ka ba shi mai yi da wanda ake yi wa, ruɗanin ya tafi.

Ɗan Rediyo: "Kada wasu su ga an yi su ma su yi." Wallahi ta zauna. Na gode Baba.

Ɗalibar Jarida: Yaya Ɗan Rediyo, tunda kai ma'aikacin gidan rediyo ne, akwai wani ɓangaren kalmar da ya shafe ku kai tsaye. Ana cewa copycat suicide, wato mutum ya kashe kansa bayan ya ji labarin wani da ya yi haka. Masana suna kiran abin da sunan Werther, tauraron wani littafin marubucin Jamus Goethe da ya fito a 1774, wanda aka riƙa cewa samari sun kwaikwayi ƙarshensa. Wani masanin zamantakewa na Amurka, David Phillips, shi ya raɗa sunan a 1974, bayan ya nuna cewa adadin masu kashe kansu na ƙaruwa idan jaridu suka buga irin labarin a shafin farko. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke da ƙa'idoji ga 'yan jarida: kada a bayyana yadda aka yi, kada a sa hoto, kada a buga wasiƙar da mamacin ya bari, kada a mayar da abin kamar mafita, a kuma faɗi inda mai damuwa zai samu taimako. Mu kuwa a Facebook da WhatsApp sai ka ga an sa hoton gawa, da sunan abin da ya sha, da dalilin da aka ƙirƙira masa, ana ta turawa da sunan jan kunne.

Mai Harhaɗa Magani: Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Wannan na sunan abin da aka sha shi ya fi ƙona min rai.

Sakataren Ƙungiya: Malamai, ku yi haƙuri in ɗan karkata. Za mu yi walimar bankwana ga shugaban makarantarmu da zai yi ritaya, ni aka ba jawabin Turanci. Ina so in ce dukkanmu koyi muke da shi. Zan iya cewa mu copycats ɗinsa ne? Na ga kamar zai sa mutane dariya.

Tsohon Ticha: Dariya kam za a yi, Malam Sakatare, amma kai za a yi wa. Ba a yabo da wannan kalmar. Idan ka faɗe ta ka zagi kanku, ka ce ba ku da tunani, shi kuma ba ka ƙara masa komai ba. Abin da kake nema emulate.

Bari in ɗan tsaya a nan, don ɗalibaina sun sha rikita su. Imitate ita ce uwa, ba ta yabo ba ta zagi, yaro na kwaikwayon tafiyar ubansa, ɗalibi na kwaikwayon rubutun malaminsa. Mimic ta fi karkata ga murya da motsi, irin ɗan barkwancin da ke kwaikwayon maganar gwamna a wurin biki jama'a na dariya. Ape kuwa, asalinta sunan goggon biri, ita ce kwaikwayo na wauta, mutum ya ɗauki abin da bai fahimta ba ya yafa. Parrot aku ne, maimaita magana ba tare da sanin ma'anarta ba. Ita kuma emulate daga Latin ta zo, daga kalmar da ke nufin abokin gasa, don haka a cikinta akwai ƙoƙarin ka kamo wanda kake bi, in da hali ka wuce shi. Ita kaɗai ce a cikinsu za ka faɗa a gaban mutum ya ji daɗi.

Sai dai ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka rubuta "worthy of emulation". Ba kuskure ba ne, Turanci ne mai kyau, amma 'yan Najeriya sun tsotse shi har ya salance. Duk shugaban ƙaramar hukumar da ya gina rijiya ɗaya sai an ce masa haka.

Sarkin Tsokana: Baba, wato masu rubuta jawabin ma copycats ne.

Tsohon Ticha: Kai ka faɗa, ja'iri.

Malamin Islamiyya: Abin da Malam ya faɗa game da emulate ai mu ma muna da shi, kuma namu ya fi fitowa fili. Koyi daban, kwaikwayo daban. Muna cewa koyi da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kuma inda Alƙur'ani ya ce uswatun hasana a Suratul Ahzab, malamai "abin koyi mai kyau" suke fassarawa. Ba mai hankalin da zai sa ɗaya kalmar a wannan gurbin. Koyi yana shiga zuciya da hali, kwaikwayo a fatar jiki yake tsayawa. Don haka ni a ganina copycat ita ce mai kwaikwayo, shi ke nan.

Ɗalibar Jarida: Allah ya gafarta Malam, rabin farko na yarda, amma na biyun da gyara. Kwaikwayo a Hausa ba kullum yake da aibi ba. Kullum muna jin ana cewa ya kamata mu kwaikwayi ƙasashen da suka ci gaba, ko uwa ta ce wa ɗanta ka riƙa kwaikwayon yayanka. Ba zagi a nan. Idan na ce wane mai kwaikwayo ne, za a tambaye ni kwaikwayon wa, wani ma ya ɗauka ɗan fim ne. Copycat kuwa da zaginta take tafe, ba ta buƙatar ƙarin bayani.

Malamin Islamiyya: To 'yan amshin Shata fa?

Tsohon Ticha: Wannan ta fi dacewa da parrot, Malam, ko majalisar da duk abin da gwamna ya kawo sai ta buga hatimi. Ɗan amshi yana tare da mai waƙa, da yardarsa yake amsawa, har a raba kuɗi da shi. Sojan gona kuma, kafin wani ya kawo ta, shi ne wanda ya ce shi ne wane, ya shiga ɗakin jarrabawa da sunan wani ko ya sa kakin da ba nasa ba. Copycat bai ce shi ne kai ba. Da sunansa yake yawo, aikinka kawai ya ɗauka. 'Yata Ɗalibar Jarida ta fi kusa da gaskiya: ba mu da kalma guda da ta haɗa kwaikwayo da raini a dunƙule, kuma ba wani abin kunya ba ne. Da murya da karin magana muke yin namu rainin. "Kama da wane ba ta wane" ai ta fi copycat zafi.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Mu da muka yi lakwal da Faransanci abin ya fi mana sauƙi. Yaron da ke leƙa takardar wani copieur ne, ba dabba a ciki. In kuma ana son dabba, biri suke kira singe, daga nan suka samu singer, wato yin kwaikwayon biri. Jamusawa ma daga sunan biri suka ciro tasu. Kowa ya zaɓi biri ko aku, Amurkawa ne kawai suka je suka ɗauko baiwar Allah mage da ba ruwanta.

Injiniya: Ɗan Damagaram, ka tuna min. Magen farko da masana suka samar daga ƙwayar halittar wata mage, ba tare da barbara ba, irin yadda aka yi tunkiyar nan Dolly a 1996, an haife ta a Disamban 2001 a jami'ar Texas A&M. Sunan da aka sa mata CC, wato CopyCat. Abin dariyar shi ne ba ta yi kama da wadda aka kwafo ta daga jikinta ba. Waccan mai launi uku ce har da ruwan lemo, ita kuwa CC fara ce da ratsin toka-toka, ba ruwan lemo ko ɗigo. Ta rayu har 2020, ta ma haifi 'ya'ya.

Baƙon Jidda: A nan Saudiyya kalmar da za ka fi ji ita ce taklid. In ka shiga kasuwa za ka sayi turare ko cajar waya, tambayar farko asli ne ko taklid, wato na gaske ne ko jabu. Kalmar da muka sani a karatun fiƙihu ce dai, bin mazhaba ba tare da neman hujja ba, kuma tushenta ɗaya da ƙilada, abin wuya, kamar ka rataya wa wani al'amarinka a wuyansa.

Malamin Islamiyya: A'a ɗan'uwa, kada ka haɗa taƙalidin malamai da jabun turare. Wanda bai kai matsayin ijtihadi ba dole ya bi malami, ba aibi ba ne.

Abu Hafsa: Bin dalili ake yi Malam, ba bin mutum ido rufe ba.

Shugaban Zaure: Malamai, don Allah. Zauren harshe ne wannan. Mun san inda wannan hanyar take kaiwa, kuma ba a taɓa dawowa daga can da wuri ba. A koma kan kalma.

Uwar Biyu: Yauwa shugaba. Ni tambayata ta kasuwa ce. Ina haɗa turaren wuta da humra ina sayarwa a Instagram. Akwai wata da ta riga ni farawa, kullum sai ta rubuta a shafinta wai copycats su ci gaba da bin ta, na gaba ya yi gaba na baya sai labari. Kowa ya san da ni take. Alhali turaren wuta ba ita ta ƙirƙiro shi ba, tun kakanninmu mutanen Barno da Sudan ke yin sa. Don ta fara sa shi a kwalba mai ƙyalli shi ke nan kowa ya haƙura?

Injiniya: Hajiya, kwantar da hankalinki, kina cikin manyan mutane. Akwai wasu 'yan'uwa uku Jamusawa, 'yan gidan Samwer. A 1999 suka kwafi tsarin eBay, kasuwar gwanjo ta intanet ta Amurka, suka buɗe nasu a Jamus mai suna Alando, cikin 'yan watanni eBay ɗin da kansa ya saye shi a kan sama da dala miliyan 40. A 2007 suka kafa kamfanin Rocket Internet a Berlin, sana'arsa ke nan a lokacin, ya duba abin da ya karɓu a Amurka ya yi sauri ya dasa irinsa a inda bai iso ba. Jaridun Amurka sun zage su da copycat har suka gaji. Jumia da aka fara a Legas a 2012 da kuɗinsu da tsarinsu ta tashi, samfurin Amazon ce, kuma a 2019 ta shiga kasuwar hannun jari ta New York. Shi kansa Instagram ɗin da kuke faɗa a kai, wannan Stories da kike sa tallanki a ciki a 2016 ya ɗauko shi daga Snapchat, kuma shugabansa na lokacin bai musa ba. Da na gaba ake gane zurfin ruwa. Wanda ya riga shi ke kiran na baya copycat, don ba shi da wani makamin.

Mai Harhaɗa Magani: A wannan ina bayan Injiniya, kuma misalina ya fi nasa nauyi don rai ne a ciki. Jaridun Yamma sun daɗe suna kiran magungunan Indiya copycat drugs. Dokar Indiya ta 1970 ba ta ba kamfani ikon mallakar shi kansa maganin ba, sai dai hanyar haɗa shi, don haka kamfanoninsu suka riƙa gano wata hanyar suna fitar da magani iri ɗaya, har zuwa 2005 da aka sauya dokar. A 2001 kamfanin Cipla ya ce zai ba da haɗin magunguna uku na cutar ƙanjamau a kan dala 350 a shekara ga mutum ɗaya, ƙasa da dala ɗaya a rana, lokacin da na kamfanonin Yamma ya haura dala 10,000. Ku tambayi duk wanda ya yi aikin asibiti a Afirka a shekarun nan abin da wannan ya canza. Mu jenerik muke ce musu, sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, da rajista. Jabu kuwa shi ne a cusa alli ko garin rogo a kwali a buga sunan wani. Matsalar kalmar copycat ita ce tana shafa wa na farkon baƙin jinin na biyun, mai karatu ya ɗauka duk ɗaya ne. Don haka idan na gan ta a kanun labari, abin da nake fara dubawa shi ne wa ya faɗa, kuma me zai yi asara.

Gwanin Zare: Ni fa na yi shiru ne ina karatu, amma Injiniya ka taɓo ni. Kuna ta kawo masu miliyoyin daloli. Ni tela ne. Sai in kwana ina zana aikin wuya, in ɓata yadi ina gwadawa, in fitar da shi ana saura sati biyu sallah. Kafin a sauko daga idi yana jikin rabin unguwa, an yi shi da zare mai arha a rabin kuɗina, har mai kaya ya zo yana min ƙorafi wai na tsuga masa kuɗi. Wannan ba zurfin ruwa aka gani da ni ba, gumina aka sha. Ba a ce kowa ya ƙirƙiro allura ba, amma akwai bambanci tsakanin mu duka muna ɗinka kaftani da ka ɗauki hoton aikina ka kai wa yaronka ka ce yi irin wannan.

Injiniya: Maigida, ban ce ba ciwo. Na ce kalmar ba hujja ba ce.

Gwanin Zare: Wanda aka cuta ai dole ya samu abin faɗa. In ba ni da kuɗin lauya, a bar ni da bakina.

Ɗalibar Jarida: 'Yan fim ma suna da tasu kalmar. In an ɗauko labarin fim ɗin Indiya aka sauya sunaye aka sa wa jarumai hula da mayafi, sai a ce an wanko shi, ko wankiya ce. Ni ta fi min copycat daɗi, don tana nuna har da ƙoƙarin ɓoye sawu.

Lauyan Zaure: Tunda an ambaci lauya. Hajiya Uwar Biyu da Maigida Gwanin Zare, doka ba ta san wata kalma copycat ba, abin da ta sani shi ne me ka yi wa rajista. Sana'a ba ta da mai ita, kowa na iya haɗa turare ko ɗinka kaftani. Abin da ake karewa shi ne suna da tambari, da kuma zane idan sabo ne. Mutane da yawa suna ɗauka da sun yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, sun gama, alhali rajistar tambari wani ofishi ne daban a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya. Hajiya, in ba ki ɗauki sunanta ko tambarinta ba, ba ki kuma yi kwalin da zai sa mai saye ya ɗauka nata ne ba, ba ta da abin kai ki ƙara. In kuwa kin yi kwali mai kama da nata har ana rikita ku, ko ba ta yi rajista ba tana da magana a kotu.

Uwar Biyu: Kwalina kore ne nata ruwan gwal, Barista. Amma Malam tela, tsakani da Allah, in mace ta zo da hoto a waya ta ce irin wannan take so, korar ta kake yi?

Gwanin Zare: Ba na korar ta, Hajiya, ina da iyali. Amma ba na ɗaukar hoton in sa a shafina in rubuta sabon salo daga shagonmu. Kuma in na san telan da ya yi, a garin nan yake, nakan ce mata ga shagonsa can.

Sarkin Tsokana: "Nakan". A lura da kalmar nan jama'a.

Ɗan SS3: Salamu alaikum, ban samu karanta duka ba. Baba Ticha, zan iya amfani da copycat a rubutun insha'i na WAEC? Kuma ana iya mayar da ita aikatau?

Tsohon Ticha: Jikana, koma sama ka karanta, ba a shiga zaure daga tsakiya. In labari kake rubutawa, yara biyu na faɗa, sa ta a bakin ɗayansu, mai maki zai ji daɗi. In wasiƙa ce zuwa ga shugaban makaranta ko kwamishina, bar ta, rubuta imitator ko ka sake ginin jimlar. In muƙala ce kan laifuffuka, copycat crime ta halatta, don haka masana ke faɗa. Aikatau kuwa akwai shi a ƙamus, amma ba kasafai ake jin sa ba, kuma copy kaɗai ta ishe ka. Jam'inta s kawai za ka ƙara, kada ka sa mata waƙafin sama.